Kwamfutar da Aka Kai Ɗori Aliero

Wani ne a Jega, surukinsa ya bar masa amanar kwamfuta.

A shekarun ne da Jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, lokacin da in aka ce akwai kwamfuta a shago, mutane kan ratse daga hanyar kasuwa su leƙa ta taga sannan su wuce. Surukin nasa, Alhaji Arzika, dillalin albasa ne. Ya kai kaya Kudu, ya dawo da ita a gaban mota lulluɓe cikin bargo, ya buɗe shagon buga takardu. 'Yarsa Hamsatu, wadda ta koyo aikin a Birnin Kebbi, ita ce mai bugawa. Mutumin namu kuwa, mijin yayarta Azumi, aikinsa shi ne ya buɗe shago, ya share, ya tayar da janareta, ya yaye ƙyallen da ake rufe na'urar, ya kunna ta, sannan ya koma kan benci ƙarƙashin fanka ya zauna.

Wannan zama shi ne abin da ya fi so a duniya, domin kafin ya same shi a fadamar albasar Alhaji yake, yana ban-ruwa tun hantsi har rana ta gasa masa ƙeya. Kuma ya kamata a faɗa cewa ba wannan ce amanar farko ba. An taɓa ba shi kiwon ragon layya, ya ga kamar ragon yana kewar gida, ya mayar da shi ƙauyen da aka sayo shi. An taɓa ba shi injin ban-ruwa, ya taɓa ya ji ya yi zafi, ya ɗaura masa igiya ya zura shi a rijiya don ya huce.

Saboda haka da Alhaji ya tashi tafiya Kudu da wani lodin, sai ya aiko saƙo ta bakin Azumi, tun da suruki ba ya tsayawa yana doguwar magana da mijin 'yarsa.

Azumi ta ce, "Baba yac ce in hwaɗa maka, wagga ita ta amana ta ƙarshe. In yad dawo yat tarar da ko ƙwarzane gare ta, hwadama za ka koma."

Ya ce, "Ki ce mishi ko ƙuda ba shi sauka kanta."

Ashe a 'yan kwanakin nan hasken gilashin yana damun idon Hamsatu. Ranar da za ta tafi bikin suna a garin Alelu, sai ta shiga inda ake sauya launi, ta mayar da fuskar baƙa, rubutun ya koma fari, don idonta ya huta in ta dawo. Ta kashe, ta rufe, ta tafi. Ba ta gaya masa ba, domin ba ta saba gaya masa komai ba sai dai ya matsa ta wuce.

Washegari da safe ya share shago, ya tayar da janareta, ya yaye ƙyalle, ya kunna. Kwamfuta ta yi ƙugin da ta saba, ta buɗe baƙa wuluk, da 'yan haruffa farare jefi-jefi.

Ya kashe, ya yi bisimilla, ya sake kunnawa. Baƙa.

Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya duba rigar, babu abin da ya fita. Ya ɗan tofa yawu ya sake gogewa. Sai ya zauna, ba a kan benci ba, a ƙasa.

A nan akwai abin da shi kaɗai ya sani. An hana shi taɓa madannai. Amma shi mutum ne da ya koyi boko da girmansa, a ajin manya, kuma hannunsa yana ƙaiƙayin rubutu. Duk sa'ad da Hamsatu ta shiga gida salla, sai ya lallaɓa ya buga sunansa da yatsa ɗaya, ya buga na Azumi, ya buga Jega, ya tsaya ya sha kallo, sannan ya danna abin gogewa su ɓace kafin ta dawo. Bai taɓa tambayar kansa inda suke tafiya ba sai yau. Shi dai ya san rubutu ba ya ɓacewa haka kawai. Yana yaro, in aka wanke allo, a ƙwarya tawadar take taruwa, ruwan ya koma baƙi. A nan kuwa ba a taɓa tara ƙwarya ba. Ke nan duk abin da ya goge a ciki yake taruwa, yana taruwa, har jiya ya cika ya malale. Ga shaida ma: tawadar ta bar cikin haruffa, ta mamaye takarda.

Da ya gane ciwon, sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Abin da ya cika, juye shi ake yi.

A saninsa, kwamfuta ita ce mai gilashin nan da ƙatuwar ƙeya. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, tun da a kansa Hamsatu take ajiye kofin kunu. Ya zare wayoyi a hankali, ya lulluɓe mai gilashin da zanen Azumi, ya rungume ta, ya bi ta bayan layi zuwa wurin Abdu bakanike, mai gyaran babura.

Abdu ya ɗago daga ƙarƙashin wani babur ya ce, "Surukin Alhaji, lahiya? Talabijin kas sawo?"

"Juye nika so a yi mata. Ta cika da tawada."

Abdu ya goge hannu, ya yaye zanen. Ba wuta a jikinta, saboda haka gilashin baƙi ne kamar na kowace na'ura da aka kashe. Ya duƙa ya leƙa.

"Lalle ta yi baƙi. Yaushe rabon da a juye ta?"

"Tun da anka sawo ta."

Abdu ya girgiza kai a hankali, irin girgizar da yake yi wa masu kabu-kabu. "Haka kuke. Sai abu ya kwanta ku kwaso shi."

Ya ɗaga ta, ya kara kunne, ya jijjiga. Bai ji ruwa ba. Mutumin ya ce wataƙila ta yi kauri. Abdu ya kifa ta, ya bi gindinta da yatsa yana neman notin juye, ya bi ƙeya, ya bi gefe. Babu.

"Ba su yi mata mahita ba. Sai dai in huda."

Mutumin ya faɗa kanta ya rufe da ƙirji. "Ko ƙwarzane anka ce."

Abdu ya koma ya tsuguna yana tunani. Can sai ya miƙo babban yatsansa. Farcen baƙi ne ƙirin.

"Ka ga wanga? Guduma ta. Babu tawada ciki, jini na yak kwanta. Abin da yay yi baƙi daga ciki, ba shi zuba, ba shi motsi, buguwa ta. Ta taɓa hwaɗuwa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Ka tuna dai."

Ya tuna. Shekaranjiya yana shara, gindin tsintsiya ya ɗan taɓa ta a wuya.

Abdu ya ce, "To ka gani. Wanga ba aikin bakanike ba na. Ka tahi Aliero."

Mutumin ya tashi da sauƙi a ransa. Ashe ba rubutunsa ba ne. Tsintsiya kuwa aikinsa ce, ba wanda ya hana shi riƙe ta.

Aliero kowa ya san garin masu ɗori ne. Ya hau kabu-kabu da ita a cinya, yana roƙon mai babur ya bi a hankali. Suka sauka a ƙofar wani tsoho. Zauren cike yake: ga mai karaya a ƙafa an kwantar, ga wanda ya faɗo daga mota an tallafe masa hannu. Mutumin ya yi sallama, ya cire takalmi, ya bi layi ya zauna, ya gyara mata zane.

Wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta dubi ƙullin da ke cinyarsa, ta ga ko motsi ba ya yi.

"Bawan Allah, ɗiyarka ta?"

"Ta surukina ta."

"Ayya. Mi yas same ta?"

"Tsintsiya."

Tsohuwa ta ɗan ja jikanta gefe.

Da layi ya zo kansa, ya ajiye ta a kan tabarma gaban mai ɗori, ya yaye zanen. Tsohon ya ɗora mutane, ya ɗora jakuna, an taɓa kawo masa raƙumi. Ya dubi abin da ke gabansa, sannan ya dubi fuskar wanda ya kawo, ya daɗe yana dubanta. Ya ga fuskar mutumin da ba zai tashi ba sai an yi masa wani abu.

Ya ce, "Ina na wurin?"

"Wuya, Baba. Huskar kuma duk ta yi baƙi."

Tsohon ya yi bisimilla, ya shafa ƙeyarta, ya gangaro da yatsu har inda kan ya haɗu da mazauninsa. Irin waɗannan na'urori an yi su ne da wuya mai juyawa, don mai aiki ya karkata gilashin yadda yake so. Tsohon ya ɗan tura, kan ya sunkuya. Ya ja, ya ɗago. Ya murɗa, ya waiwaya hagu.

"Ka gani? Shina motsi."

Mutumin ya runtse ido. "Na gani, Baba."

"Ba karaya ba ta. Gocewa ta. Riƙe mani kahwaɗunta."

Ya riƙe. Tsohon ya kama kan da hannu biyu, ya daidaita, aka ji ƙas. Wani mai karaya a bayan zaure ya ce sannu. Tsohon ya sa aka miƙo karan dawa da aka fere, ya jera su kewaye da wuyan, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau.

"Kar ta yi aikin ƙarhi. Kar a kwance sai wata ya tsaya."

"Baƙin huskar hwa?"

"In tas samu hutu jinin shi watse."

Ya ajiye goro, ya yi godiya, ya fita da baya-baya.

Yanzu sai gwaji. Amma a Jega ba ya son ya kunna ta da rana tsaka, ƙofa a buɗe, ga maƙwabtan da kowannensu yake gaisawa da Alhaji. Ya ji an ce akwai wata mata a Maiyama, Zubaida, mai irin wannan shago, kuma ba ta san Alhaji ba. Washegari ya sake hawa kabu-kabu.

Zubaida ta dubi kararen, ta dube shi, ba ta tambaya ba. Mace ce mai aiki da yawa. Ta zare wayar tata, ta jona tasa a jikin akwatinta, ta kunna.

Gilashi ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya buɗe fari tas, rubutu baƙi a kansa kamar ranar da aka sayo.

Mutumin ya durƙusa a tsakar shago ya daɗe bai ɗago ba.

Zubaida ta ce, "Malam, wagga lahiyarta lau. Ai huska ta kawai. Ita kwamfutar tana can inda kab baro ta. Akwatin za ka kawo in duba."

"Akwatin ba abin da yas same shi, Hajiya. Kunu ɗai aka aza mishi."

"Cikin akwatin launin yake."

"Allah shi saka wa tsohon nan da alheri," in ji shi, yana naɗe zane. "Kwana guda."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ta ga mai jiran takarda ya fara tsaki, ta rufe.

Ya dawo Jega yana yi wa mai babur hira. Ya shiga shago ya rufo ƙofa, ya ɗora ta a mazauninta, ya mayar da kowace waya raminta, ya tayar da janareta, ya gyara hula, ya kunna.

Baƙa wuluk.

Ya zauna ya bi hanyar Maiyama a ransa, rami bayan rami, har ya gano wanda ya yi ɓarnar: wani babba ne a gangaren gada, inda mai babur ya ƙi rage gudu har haƙoransa suka haɗu. Ɗanyen ɗori ba ya son girgiza, kowa ya san wannan. Laifinsa ne da ya fitar da majinyaciya kwana guda da ɗauri.

Ya je bayan gida ya zaro karare daga dangar Azumi, ya ƙara a kan na tsohon, ya ɗaure har sai da suka kai kunnen gilashi. Ya kawo matashin kansa ya tokare mata ƙeya. Ya juya fanka ta koma kanta, shi ya zauna a zafi. Duk wanda ya zo buga takarda, sai ya tare shi a ƙofa ya ce a yi magana a hankali.

A haka Alhaji ya same shi. Motar Kudu ta iso da la'asar, kuma a tasha ya haɗu da Hamsatu tana saukowa daga ta Alelu, suka taho tare. Mutumin yana jin muryar surukinsa ya zame daga benci, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kafa ido a ƙasa.

"Baba, an dawo lahiya?"

"Lahiya lau."

Alhaji ya shiga. Ya tsaya. Ga kwamfutarsa a kunne, fuska baƙa, wuya cikin karan dawa, matashi a ƙeya, fanka tana kaɗa bakin tsumma. Da ya tashi magana, Hamsatu ya yi wa, kamar yadda ya kamata.

"Hamsatu, tambayi mijin yayarki mi anka yi nan."

Hamsatu ta cije leɓe. "Mijin Yaya, Baba yac ce mi anka yi nan."

Ya ba da labari yana kallon ƙasa, tiryan-tiryan: tsintsiya, Abdu, Aliero, Maiyama, ramin gangaren gada. Zancen tawada kaɗai ya tsallake, tun da bincike ya wanke ta. Ya ƙare da cewa jikin da sauƙi, domin da idonsa ya ga ta yi fari a Maiyama.

Hamsatu ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu kanta, ta ja kujera ta zauna.

"Baba, ni nim mai da ta baƙa. Haske ka damun idona. Duba."

Ta kama linzamin kwamfutar, ɗan abin nan mai waya da ke kan tebur, ta tura, ta danna nan, ta danna can. Fuska ta koma fari tas.

Mutumin ya ɗago kai karo na farko. Ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, ya mayar da kai.

Hamsatu ta ce, "Ba ɗori ba na, Mijin Yaya. Launi na. Kamar yadda kaka canza riga." Ta sake dannawa, ta koma baƙa. Ta danna, fari. Ta danna, baƙa. Ta bar ta a fari.

Alhaji ya nemi benci ya zauna ƙarƙashin inda fanka take a da. Ya cire hula ya shafa kai. Mutumin ya ji ƙeyarsa ta fara zafi tun ba a kai shi ko'ina ba. Ya hango fadama, ya hango rana.

Alhaji ya ce, "Hamsatu, na yi niyyar in mai da shi hwadama."

Mutumin ya ƙara sunkuyar da kai.

"Amma na yi tunani. Wagga na'ura abin sha'awa ta. Albasa ita ta abincinmu. In yay yi ɓarna nan, kina gyarawa da yatsa guda. In yag ga ganyen albasa ya kwanta, yab bi shuka-shuka shina ɗori, wa ka gyara muna? Ki ce mishi shi zamna inda yake."

"Mijin Yaya, Baba yac ce ka zamna inda kake."

"Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma."

Alhaji ya mayar da hula, ya fita bai sake duban tebur ba. Mutumin ya jira har ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. Hamsatu ta share hawaye da bakin mayafi, ta cire matashin ta jefa masa, ta kai hannu kan ƙullin tsumman.

Ya tare hannunta da matashin.

"Mi za ki yi?"

"Kwance tarkacenka za ni yi, in yi aiki. Ba ka ga da idonka ba? Hwari, baƙi, hwari, baƙi."

Ya ce, "Na gani. Ciwon da ka tahiya shina dawowa haka, shi za ki kwance tun wata bai tsaya ba?"